Kuɗin fito: tarihin matuƙan jirgin Gaya, daga sarkin jirgi zuwa tiken tasha

 

Makon jiya cikin shirinmu na dare mun buɗe layi kan tsadar kayan masarufi, sai zance ya kauce ya faɗa ruwa. Matuƙan jirgi ne sunka cika layin, wanga ya aje wancan ya ɗauka. Ɗaya ya ce kafin ya ɗaure jirginshi a tasha ya biya, kafin ya kwance ya biya, in ya isa wancan ƙetare ya sake biya. Wani ya ce an tambaye shi takardar izini, da ya tambayi ofishin da ake yin ta sai kowa ya nuna mishi wata ƙofa daban. Na uku, dattijo ne daga jin muryarshi, bai yi zancen kuɗi ba ko kaɗan. Shi yashi ya dame shi: hanyar da ya gada wurin ubanshi ta cike, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya kafa ko sanda guda don a san inda zurfi ya koma. Lokaci ya ƙare muna tsakiyar zance, munka yi alkawarin za mu rubuta. To ga shi, kuma ku yi haƙuri, yana da ɗan tsawo.

Wani zai ce ku mutanen Yelu ina ruwanku da jirgi, ku da ke cikin dallol ba bakin Kwara ba? Ruwanmu kuwa da yawa. Rakenmu da rogonmu da murucinmu, in sun bar gona, kasuwannin bakin gulbi suke nufa. Masara da doya da garin rogon da ke shigo muna daga kudu, yanzu cikin jirgi suke ƙetarowa. Duk dala ashirin da anka karɓa hannun matuƙi a tasha, mu ne muke biyanta ranar kasuwa ba mu sani ba. Kuma alaƙar ba ta yau ba ce, domin tun kafin a san Bature gishirin Fogha ke ƙetare wanga gulbi.

Mu fara da kalmar kanta, fito. A Hausar kakanninmu fito shi ne ƙetarar da mutum ko kaya daga wanga gaɓa zuwa wancan, kuɗin da ake biya kuma kuɗin fito. Yau in ka ce wane ɗan fito ne, abin da ke faɗo ma mutane a rai shi ne mai tsallakar da kaya a ɓoye, bayan idon duwan. Kalma guda, da can sana'a ce mai sarauta, yau ta zama abin da ake faɗi a raɗa. Yadda anka yi ta juye haka shi ne kusan dukan tarihin da za mu ba ku.

Ƙasar nan tamu Dendi, kudancin daular Songai ce. Ƙarfin Songai kuwa rabinshi bisa doki yake, rabi bisa ruwa. Sorko, masunta kuma matuƙa, su ne sunka ɗauki mayaƙan Sonni Ali da hatsin daular, har akwai babban hakimi mai riƙe da jiragen sarki, ana ce mishi Hi-koi. Da sojan Maroko sunka karya Songai a Tondibi a 1591, nan Dendi ne Askiya Nuhu ya janyo ya ci gaba da turjiya. Dangin waɗannan Sorko su ne Sarkawan da ke Kabi da Yawuri, waɗanda yau Hausa suke yi. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya san ba a faɗa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ke nan lasisi ba Bature ya kawo shi ba. Akwai mai ba da izinin shiga ruwa tun da, sai dai shi an san gidanshi, an san fuskarshi, kuma in wani abu ya faru cikin ruwa shi ake tambaya.

Fataken goro masu zuwa Gwanja, in sun baro Kano ko Sakkwato da jakunansu, dole su ƙetare Kwara, ko ta Yawuri, ko ta Illo, ko ta nan wajen Gaya. Madugu ya zauna da masu gari a yi ciniki, a biya da wuri ko da kaya, sannan a fara ɗiba. Ayari babba yakan kwana da yawa bakin ruwa kafin a gama. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Dallol Fogha a watan Yuni 1853 ya ga yadda ake dafa gishiri, ya isa Sayi cikin wannan watan ya ƙetare a can. Ya bayyana jiragen da ya gani: kututture biyu ake fafewa a ɗinke su a tsakiya, babban cikinsu ya ɗauki raƙumanshi uku lokaci guda. Kuma ya rubuta cewa mai kula da tashar yana da sarauta, sarkin jirgi. Ku lura da wanga wuri. Ana biya, ba wanda ya ce kyauta ne, wani lokacin ma da tsada. Amma wanda ka biya shi ne mai jirgin, shi ya san mashigi, shi ke da alhakin kai ka wancan gaɓa da kai da jakinka. Kuɗin da aikin hannu ɗaya suke.

Sai Turawa sunka zauna a Barlin. A lakwal an koya muna cewa taron 1884 zuwa 1885 shi ne inda anka raba Afirka, mushe ya rubuta a allo, munka haddace don jarrabawa. Abin da ba a tsaya an nuna muna ba shi ne takardar da sunka sa ma hannu ranar 26 ga Fabrairu 1885 tana da babi guda sukutum kan gulbin nan namu. Ta ce zirga-zirga bisa Kwara a buɗe take ga jiragen kowace ƙasa, ba za a karɓi kuɗi don kawai jirgi ya bi ruwa ba, sai dai kuɗin da ya yi daidai da wani aiki da anka yi ma masu jirgin. Ba don kakanninmu sunka rubuta haka ba, kada wani ya yaudare ku. Don kansu ne, kada Ingila ta toshe ma Faransa da Jamus hanya. Kuma ko shekara biyu ba a yi ba Ingila ta taka abin. Kamfaninta, Royal Niger Company na George Goldie, wanda ya samu izinin mulki a 1886, ya ƙaƙaba lasisi da haraji masu nauyin da ba mai iya ɗauka sai shi kanshi. Mutanen Nembe da ke can bakin teku, waɗanda kakanninsu ke fatauci cikin kwalekwale tun fil azal, sunka wayi gari an ce musu ƴan fasa ƙwauri. Da tura ta kai bango, a watan Janairu 1895 sarkinsu Koko ya tara jirage ya afka ma hedikwatar kamfanin a Akassa. Rikicin lasisin jirgi mafi girma da anka taɓa yi bisa wanga gulbi ke nan, kuma da jini ya ƙare.

Nan wajenmu Faransawa ma sun leƙo mu ta ruwa. A 1896 wani hafsan sojan ruwa, Hourst, ya gangaro da jirage uku daga sama har teku yana auna zurfi yana zana taswira. Bayan shekara biyu, ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila sunka sa hannu a Paris kan iyaka. Abin da sunka ɗauka ma'auni shi ne tashar jirgi: anka auna mil 10 sama da Giri, tashar Illo, anka ce daga nan layi ya tashi. Illo ta faɗa hannun Ingila, Gaya hannun Faransa. Kyangawa da Dendawa da Sarkawa, dangi guda masu aure tsakaninsu, sunka kwana ƙasa ɗaya sunka tashi ƙasa biyu. Je ka Dole ka gani, gari guda iyaka ta ratsa shi. Daga ranar, matuƙin da ya kai ƙanwarshi biki ƙasa da Gaya ya zama mai ƙetare iyaka.

Su kansu Faransawan ba su iya gulbin ba sai da mutanenmu. A 1901 kyaftin Lenfant ya hauro da kayan soja daga teku ta cikin yankin Ingila, ya ratsa duwatsun Busa inda Mungo Park ya halaka, har ya wuce Gaya ya nufi Sayi. A littattafai sunanshi ne ya saura. Waɗanda sunka riƙe gora da filafili, sunka ja igiya cikin duwatsu, ba a ƙirga su ba. Aikin tilas kuwa bai ƙare a dokar Faransa ba sai 1946.

Tsakanin Nijar da Dahomai, tun da dukansu na Faransa ne, ba a damu a ja layi sosai ba. Amma tsibirai sun sa dole, domin Fulani na kiwo bisa su, kuma kowane kumandan na son sanin wa zai karɓi jangali. A ranar 3 ga Yuli 1914 mai riƙe da Gaya, wani Sadoux, ya rubuta wasiƙa ga takwaranshi na wancan ƙetare cewa a ɗauki babban hannun gulbi, inda jirgi ke bi, shi ne iyaka. Ku riƙe wagga wasiƙa, za mu dawo kanta. A wancan ƙetaren kuma ƴar tungar da ake ce ma Tassi ta girma ta zama Malanville, da sunan gwamna Henri Malan.

Abin da ya sauya rayuwar matuƙa da gaske shi ne hanyar Kwatano. Jirgin ƙasa ya iso Parakou a 1936 ya tsaya nan, har yau bai ƙaraso ba. (Dogon da anka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso shekarun baya yana nan kwance, awaki na hutawa bisanshi, amma wannan zancen wata rana ne.) Daga Parakou sai mota zuwa Malanville, sai jirgin fito na gwamnati ya ƙetarar da motar. Cikin shekarun 1930 hukumar jirgin ƙasan ce ma anka danƙa ma zirga-zirgar ruwa tsakanin Gaya da Yamai. Cikin shekarun 1950 anka shirya abin da sunka kira Opération Hirondelle, don gyaɗar Nijar ta fita ta Kwatano maimakon ta Kano da Legas. Kamiyo ya yi yawa, fito ya kasa, sai anka gina gada a 1958. Ta biyu ta zo 1988 zuwa 1989.

Gada alheri ce, ba mai musu. Amma tun ranar da anka buɗe ta hukuma ta juya ma ruwa baya. Duwan, jandarma, ƴan sanda, ma'auni, takardu, duk sunka koma bakin gada. Wanda ya bi ta sama shi ne matafiyi, wanda ya bi ta ƙasa abin tuhuma ne. A nan ne kalmar fito ta ƙarasa lalacewa. Matuƙa ba su ɓace ba, sun ci gaba da kai mutane kasuwannin da mota ba ta zuwa, tsibirai da tungaye, Karimama, Lolo, Ouna. Sai dai babu wanda ya sake tunanin a gina musu matsaya ko a rubuta musu doka bayyananna.

Bayan ƴancin kai shugabanninmu sun yi abin kirki a takarda, wannan dole a faɗa. Ranar 26 ga Oktoba 1963 ƙasashen da gulbin ya ratsa sunka sa hannu a Yamai kan sabuwar yarjejeniya da ta maye gurbin ta Turawa. Ranar 25 ga Nuwamba 1964 sunka kafa hukumar gulbin, kuma cikin wagga takarda ta biyu sunka maimaita ƙa'idar nan: harajin da za a karɓa kan jirgi da kayanshi ya yi daidai da aikin da anka yi mishi, kuma kada a nuna bambanci. A 1980 a Faranah ta ƙasar Gine hukumar ta zama ABN, mai ƙasashe tara, hedikwatarta na Yamai. Ke nan abin da matuƙanmu ke faɗi a rediyo, cewa mun biya me anka yi muna, ba tsaurin ido ba ne. Magana ce da ƙasarmu ta sa ma hannu tun ba a haifi yawancinsu ba.

Abin mamaki, kwana biyu bayan sa hannun 1963 anka kifar da Hubert Maga a Dahomai, kafin shekarar ta ƙare rikici ya tashi tsakanin ƙasashen biyu kan tsibirin Lete. Dama an zubar da jini a can daren 29 ga Yuni 1960, inda anka kashe Fulani huɗu ƴan Nijar. Gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahomai, Dahomai ta tsaida hanyar kaya, gadar da ba ta fi shekara biyar ba ta zama bango. An sasanta a Yamusukuro a farkon 1965, amma zancen Lete ya ci gaba da hayaƙi shekara arba'in, sai da anka kai shi kotun duniya da ke La Haye a ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Kuma da me kotu ta dogara? Da tsarin wasiƙar Sadoux ta 1914, da awon zurfin da injiniyoyi sunka yi. Ta ce iyaka ita ce layin da ya fi zurfi cikin babbar hanyar jirgi, yadda take lokacin samun ƴancin kai, ta jera wurare 154 da lambobinsu.

Mu tsaya nan kaɗan, domin wurin ya isa a tsaya. Iyakar ƙasarmu da Benin, tun daga inda Mekru ta faɗo har iyakar Najeriya, hanyar matuƙa ce. Ba dutse ba ce, ba gada ba ce, hanyar da jirgi ke bi ce. Lauyoyi da alƙalai sun yi shekaru uku suna bincike su gano abin da kowane tsohon matuƙi ya sani da gorarshi. Amma wagga hanya da anka kashe miliyoyi don a tabbatar da ita a takarda, cikin ruwa ba ta da alama. Kuma kotu ta ɗaure iyakar ga zurfin 1960, shi kuwa gulbi bai sa hannu ba. Yashi na tafiya duk shekara. Inda ke da zurfi jiya yau tudu ne, matuƙi na bin ruwa inda ya same shi, sai ya ga ya shiga ƙasar wasu bai sani ba, a can kuma akwai mai jiranshi da tike.

Dattijon da ya kira mu ya yi gaskiya, gulbin ya sauya. Mu da muke yara mun ji manya na zancen ruwa biyu: jan ruwa na damina, wanda koramu ke kawowa wajen Agusta da Satumba, da baƙin ruwa mai fitowa daga Gine, wanda ke yada zango cikin fadamun Mali kafin ya iso mu da sanyin hunturu. Baƙin ruwan shi ne lokacin manyan jirage. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai, har a watan Yuni 1985 gulbin ya tsaya cak a Yamai, mutane sunka taka da ƙafa. Itatuwan tudu sun ƙare, koramu na kwaso yashi suna zubawa, ga ciyawar nan mai yawo bisa ruwa da ake ce ma jacinthe tana naɗe farfelar inji. A farkon shekarun 1970 gwamnati, da taimakon Kanada, ta gwada fitar da kaya ta ruwa daga Gaya zuwa teku, ta ƙofar jirage da anka yi ma madatsar Kainji. Abin bai ɗore ba. Tun daga nan ba mu sake jin wani babban shiri na sufurin ruwa ya sauka bakin Gaya ba. Madatsar Kandaji da anka aza ma tubali a 2008, wadda anka ce za ta riƙe ruwa don rani, har yanzu jiranta ake.

Rashin kula yana da farashi, kuma da rai ake biyanshi. A watan Satumba 2017 jirgin da ya tashi daga Gaya da ƴan kasuwa zuwa Lolo ya kife a yankin Bagudo na jahar Kabi, sama da mutum 30 sunka rasu. A watan Fabrairu 2019 wani ya taso daga Gorubeeri ta Benin zuwa kasuwar Ouna, ya kife kusa da Sambera, mutum wajen 40 sunka ɓace. A watan Mayu 2021 sai na Warra a Ngaski, wanda ya fi su muni. Allah Ya jiƙansu da rahama. A nan ba za mu wanke matuƙa ba, ko da za su yi fushi da mu. Wanda ya loda buhu bisa buhu, ya ɗora babura, ya ɗora mata da goyo bisa kayan, har ruwa ya rage taƙi ɗaya ya shiga, ya san abin da yake yi. Amma ku tambayi kanku: jirgin nan daga tasha ya tashi, kuma a tashar akwai wanda ya karɓi kuɗi ya ga lodin da idonshi. In aikin mai karɓa ya tsaya ga karɓa kawai, to har gara jirgi ya cika, don kuɗin ya fi yawa.

Sai ga 26 ga Yuli 2023. Soja sunka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyaka. Ɗaruruwan kamiyo sunka yi layi a Malanville, kayan wasu ya ruɓe a ciki. Ta wajenmu soja sunka toshe gadar da kwantena. Shekara 65 bayan gina gada, ƙasar nan ta koma bisa jirgin katako. Ɗalibai, marasa lafiya, ƴan kasuwa, masu zuwa jana'iza, motocin fasinja na sauke su wancan gaɓa wasu na jiransu wanga gaɓa, tsakani kuwa matuƙi ne. Mutumin da jiya ake ma kallon ɗan fito, shi ne ya riƙe cikin mutane da yawa daga Gaya har Yamai. Samarin Yelu nawa sunka tafi dako bakin ruwa a wannan lokaci, kowa ya san nashi.

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta ce ba ta buɗe ba saboda dalilan tsaro. A watan Mayu 2024, lokacin da rigimar man fetur ɗin da ke bin bututu zuwa Seme ta yi zafi, hukumomin Benin sunka hana ƙetarewa ta ruwa a Malanville, mutane sunka riƙa zagayawa ta Najeriya su fito ta Kamba. Daga baya anka koma. Ba mu zo nan mu ce wa ke da gaskiya tsakanin Yamai da Kwatano ba, wannan ya fi ƙarfin shafinmu. Abin da muke nunawa shi ne matsayin matuƙi cikin wanga hali: iyaka a rufe take a hukumance, amma ana ƙetarewa da rana tsaka kowa na gani. Sana'ar da ba a halatta ba kuma ba a hana ba, ita ce ta fi daɗin tatsa. Ba ka iya kai ƙara, domin in ka kai za a ce dama wa ya ba ka izini. Su ma matuƙan, gaskiya ɗaya ce, sun ɗaga kuɗin ƙetare yadda sunka ga dama, jiragen da ba a san masu su ba sunka cika ruwa, har da yaran da ba su taɓa riƙe gora ba sai inji.

To wa ke da hakkin karɓa? Tun da anka kafa komin-komin anka yi zaɓen 2004, dokar harajin ƙananan hukumomi ta ba su damar karɓar haraji kan jirage, kamar yadda suke karɓar na kasuwa da na tashar mota. Wannan halal ne, kuma komin na bukatar kuɗi. Takardar kamun kifi daban take, ta ma'aikatan gandun daji ce, kuma ba ta shafi mai ɗaukar fasinja ba, ko da yake jirgi guda kan yi aikin biyu. Duwan na da hakki kan kaya, ba kan katakon jirgi ba. Jami'an tsaro aikinsu bincike ne. A takarda kowa da gonarshi. A bakin ruwa kuwa, inji waɗanda sunka kira mu, hannuwa ne kawai ke miƙowa, wani da tike wani babu, kuma tiken ma wani lokaci ba lamba ba hatimi. Tun watan Afrilu 2024 da anka rusa majalisun komin anka naɗa masu riƙo, ɗan kansilan da matuƙi kan je ya kai ma kuka shi ma babu shi.

Maƙwabtanmu sun sha irin wagga rigima. A Najeriya hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, NIWA, wadda anka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta yi shekaru tana ja da gwamnatin jahar Legas kan wa ke da ikon ba da lasisi. Masu jiragen ne da kansu sunka gaji da biya sau biyu sunka kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har kotun ƙoli ta yanke a watan Janairu 2024 cewa ikon na tarayya ne. Hukuncin bai hana jirage kifewa a Kabi da Neja ba, don haka ba mu ce a kwafo ba. Abin ɗauka a ciki shi ne masu jirgin sun haɗa kai, sun tara rasit ɗinsu, sun tilasta an faɗa musu a fili wa za su biya.

Abin da matuƙanmu ke nema bai kai zuwa kotu ba. Allo guda a kowace tasha, a rubuta da Faransanci da Hausa da Dendi nawa ne kuɗin ɗaure jirgi, nawa ne na shekara, wa ke karɓa. Lamba a jikin kowane jirgi da adadin mutanen da ya kamata ya ɗauka, da layin fenti wanda in ruwa ya taɓa shi ba a tashi. Mu kuma muka ƙara da namu: cikin abin da ake karɓa a ga wani kaso ya dawo bakin ruwa, ko da matakala ce ta siminti don tsohuwa ta daina shiga laka har gwiwa, ko rigunan ruwa, ko duro da fenti a ɗaure inda hanya take bayan kowace damina. Waɗanda za su nuna inda za a ɗaure duron suna nan da ransu, ba sai an ɗauko masana daga waje ba. Irin dattijon nan ne da ya kira mu.

Akwai abin da ya fi damunmu, shi ne ranar da za a buɗe gada. Za a buɗe ta, ko ba jima ko ba daɗe, kuma muna fata. Ranar kamiyo za su hau, hukuma za ta koma bakin gada kamar 1958, kuɗin da ke yawo a tasha zai ƙafe cikin mako guda. Waɗanda sunka ci bashi sunka sayi inji za su tsaya da bashinsu, wasu za su gangara neman lodi kasuwannin ƙauye inda ba mai kallo ko kaɗan, can inda jiragen 2017 da 2019 sunka kife. In ba a rubuta jiragen nan an ba su lamba yanzu da idon kowa ke kansu ba, ba mu ga ranar da za a yi ba.

Ranar Alhamis bayan sallar isha'i za mu sake buɗe layi kan wanga zance. Mun aika goron gayyata ga masu karɓar haraji da shugabannin matuƙa, muna jiran amsa. Duk matuƙin da ke da tike ko rasit na abin da ya biya cikin watan nan, ya ɗauki hotonshi ya turo ta akwatin saƙon shafi, ya rufe sunanshi in ya so. Za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya, mu haɗa lissafin tare da ku.